Tarihin Karatun Makafi da Kurame da Guragu a Ƙasar Yawuri

Idan masu ba da tarihi suka zauna, galibi labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci su kan kawo. Amma akwai waɗansu mutane da tarihi ya kan tsallake, alhali kuwa babu garin da ba su a ciki. Su ne yaran da ba su gani, da waɗanda ba su ji, da waɗanda ƙafa ta hana su tafiya. A yau a kan kira su masu buƙata ta musamman. Nufimmu a nan shi ne mu bi sawun karatunsu a ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, tun daga zamanin makarantar allo har zuwa yanzu, mu ga abin da aka yi musu, da abin da ya saura ba a yi ba.

Ƙasar da cututtukanta

Ƙasar Yawuri tana kwance ne a gefen Kogin Kwara, a kudancin Jihar Kebbi. Mutanenta Hausawa ne da Gungawa da Kambari da Shangawa da Fulani da sauransu. Kafin a yi madatsar Kainji, Gungawa da yawa a kan tsibirai su ke zaune, suna su, suna noman albasa, suna tuƙin jirgi. Kogin nan shi ne arzikin ƙasar, amma kuma a cikinsa wata masifa ta ke ɓoye.

A da, kafin a yi madatsar, daga Yelwa zuwa tsohuwar Busa akwai wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi yana dukan duwatsu. A irin wurin nan ne jirgin Bature Mungo Park ya halaka kusa da Busa cikin 1806, bayan ya wuce Yawuri. A irin ruwan nan kuma wani ɗan baƙin ƙuda ke yin ƙwai. In ya ciji mai cutar, sa'an nan ya ciji mai lafiya, sai ya bar masa wata tsutsa. Tsutsar ta kan zauna cikin ƙulli a ƙarƙashin fata har wajen shekara 15, tana haihuwar 'ya'ya ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa ƙaiƙayi mai tsanani, yau da gobe kuma su shiga ido su kashe shi. Wannan ita ce cutar da a ke kira makantar kogi. Galibi manya ta ke makantarwa, masu shekara talatin ko arba'in, amma yara ma ba ta bar su ba, domin ko wane makaho sai an ba shi ɗan jagora mai riƙe masa sanda. Watau makanta guda ta cinye mutum biyu, uba ya bar gona, ɗa kuma ya rasa makaranta.

Yara su kansu kuwa, abin da ya fi makantar da su a da shi ne agana da ƙyanda, musamman in yaro ba ya samun abinci mai gina jiki. Sanƙarau, wanda ke zuwa da zafin bazara, ya kan kashe na kashewa, waɗanda suka tashi kuma da dama ya bar su kurame. Shan inna ya kan shanye ƙafa, kuturta ta ci yatsu. Saboda haka naƙasa ba baƙuwa ba ce a ko wane gida.

Zamanin makarantar allo

Kada mai karatu ya zaci mutanen da ba su yi wani tanadi ba. A garuruwan Hausa naƙasassu suna da nasu shugabanni, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Su ke sasanta mutanensu, su raba musu sadaka, su kai kukansu gaban Sarki. A Kano har unguwa makafi ke da ita ta kansu.

Wajen karatu kuwa, makaho ya fi sauran sa'a. Karatun allo da kunne da baki a ke yinsa. Malam ya biya, almajiri ya maimaita, har ya zauna a ka. Makaho ba ya ganin abin da aka rubuta a allo, amma yana ji, kuma sau da yawa ya kan riga masu ido haddacewa. Malamai ba su korarsa, domin sun san labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin nan wanda Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa, wanda ya yi ladanci a Madina, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan bar masa jan salla in zai yi tafiya. A ƙasarmu ma an ga abin da makaho zai iya. Malam Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau tun yana ƙarami ya makance, amma ya yi karatu, ya tsara waƙar Imfiraji wadda ta game ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Gurgu shi ma in an ɗauke shi an kai shi zaure, ya kan yi karatu da rubutu kamar kowa. Kurma shi ne wanda makarantar allo ta kasa, gama hanyar da ilmin ke bi ita ce ta toshe. Sai dai a koya masa noma ko su ko saƙa ko ɗinki, a yi masa magana da hannu. A tsibirai da ƙauyukan da makarantar allo ba ta kai ba tukuna, duk yaro sana'ar gidansu ya ke koya gwargwadon abin da jikinsa ya iya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tilas a faɗe ta. Makafi nawa ne suka zama kamar Aliyu Namangi? Ƙarshen mafi yawansu bara ne a bakin kasuwa da ƙofar masallaci. Jama'a ta ɗauki ciyar da naƙasasshe wajibi, amma ba ta ɗauki koya masa abin da zai ci da kansa wajibi ba.

Zuwan boko

Da Turawa suka ci ƙasar, Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909, daga nan makarantun En'e suka yi ta bazuwa. Sarkin Yawuri Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955, ya yi suna wajen son ilmin zamani da tura yara makaranta. To, amma makarantar boko a kan ido aka gina ta. Malam ya rubuta a babban allo da alli, yara su kwafa a littafi, ranar jarrabawa su rubuta amsa. Wanda bai gani ba shi da wurin zama. Wanda bai ji ma haka. Gurgu kuwa, makarantar tana can garin hakimi, wa zai goya shi mil uku ko huɗu ko wace safiya?

Ga wani abu kuma. A zamanin nan iyaye ba son boko su ke yi ba, sai hakimi ya sa dagaci ya kawo yara. Dagaci kuwa masu lafiya ya ke zaɓa, domin malam ba zai karɓi waɗansu ba. A wajen haraji hukuma ta san da makafi da kutare, tana yafe musu. Watau ta san su a littafin haraji, ba ta san 'ya'yansu ba a littafin makaranta. Ta haka yaron da ke da wurin zama a zauren malam ya wayi gari ba shi da shi a sabuwar makarantar da za ta ba da aikin albashi.

Dabarun da aka gano a ƙasashen waje

Alhali kuwa an daɗe da gano maganin abin. A birnin Faris na ƙasar Faransa wani limamin Kirista ya buɗe makarantar kurame wajen 1760, yana koya musu da alamun hannu. A birnin nan kuma aka buɗe makarantar makafi cikin shekarun 1780. Cikin ɗalibanta aka sami wani yaro, Louis Braille, wanda aka haifa cikin 1809, ya soke idonsa da basilla a shagon ubansa badukun sirdi yana da shekara uku, har idanun biyu suka mutu. Yana da shekara 15 ya ƙago rubutun da a ke karantawa da yatsa. Ɗigo shida ne masu tudu, uku a hagu, uku a dama. In an bar waɗansu an ɗauke waɗansu, sai a sami siffa 63 dabam dabam, sun ishi haruffa da lambobi da alamun tsayawa. Kayan rubutun ba su da wuya: ɗan allo mai ramuka, da tsinken ƙarfe, da takarda mai kauri. An buga bayaninsa cikin 1829, har yau kuma da sunansa a ke kiran rubutun. Ana rubuta Hausa da shi, ana rubuta Larabci, har da Alƙur'ani mai girma.

Makarantun farko a Nijeriya

Sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin rubutun nan ya sami gidan kansa a ƙasarmu. Masu mishan suka fara. Cikin 1943 mishan ta S.I.M. ta buɗe asibitin ido a Kano. Cikin 1953 mishan ta S.U.M. ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, inda a ke koyar da rubutun yatsa da lissafi da sana'ar hannu. A Ikko aka buɗe makarantar makafi ta Pacelli cikin 1962.

Kurame kuwa, wani baƙar fatar Amurka ne ya tsaya musu, sunansa Andrew Foster. Shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana da shekara 11. Ya yi karatu har ya gama jami'a, sa'an nan ya taso Afirka. Ya buɗe makaranta a Gana cikin 1957, ya buɗe ta Ibadan cikin 1960, kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin 1987 ya kafa makarantu wajen talatin a ƙasashe dabam dabam.

Kutare su ma sun sami rabo ta wata hanya. Daga 1937 En'e-En'e suka yi yarjejeniya da S.I.M. ta riƙe musu zangon kutare na Amanawa a Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. A can a kan koya wa yara karatu suna shan magani.

Duk wannan alheri ne, amma mutumin Yawuri ya dubi nisan. Daga Ngaski zuwa Gindiri tafiyar kwanaki ce a motar da, Ibadan kuma wata duniya ce. Bayan nisa ga tsoron addini, gama makarantun na mishan ne, sarakuna da iyaye Musulmi kuwa suna gudun a canja wa yara addini. Wace uwa ce za ta miƙa makahon ɗanta mai shekara bakwai ga baƙi, ya tafi inda ba ta taɓa zuwa ba, ba ta kuma jin harshensu?

Dabarar da aka gwada a Katsina

Akwai wani Bature, John Wilson, wanda ya makance yana da shekara 12 saboda haɗari a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu. Cikin 1950 ya kafa ƙungiyar taimakon makafi a Ingila, ita ce yanzu a ke kira Sightsavers. Ya zaga Afirka ta Yamma, ya ga ƙauyukan bakin kogi da makanta ta cinye. Mutanen ƙungiyar suka lura, ko an ƙara gina makarantun makafi ba za su iya ɗaukar yaran duka ba. Sai suka ce, maimakon a kai yaro wurin malami, a kawo malami wurin yaro.

A farkon shekarun 1960 aka gwada haka a lardin Katsina tare da Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani. A kan zaɓi malamin firamare a koya masa rubutun yatsa. Makahon yaro ya shiga makarantar garinsu, ya zauna aji ɗaya da masu ido, ya ji abin da su ke ji, malamin nan kuma ya keɓe masa lokaci ya koya masa karatu da rubutu. Da an tashi ya koma gida ya ci tuwon uwarsa. Kuɗin da a ke kashewa kaɗan ne in an gwada da makarantar kwana. Dabarar nan da aka gwada a Arewa ita ce ƙasashen duniya suka taru suka yarda da ita a birnin Salamanka na ƙasar Sifen cikin 1994, suka ce makarantar kowa ta karɓi kowa. Amma a nan gida ba ta yi saiwar da ta kamata ba. Irin wannan aiki yana son mai bi yana dubawa, yana kai takarda da tsinke, in kuwa aka yi wa malamin canjin wurin aiki ba a kawo madadinsa ba, to, yaro ya koma zaman gida.

Madatsar Kainji da abin da ya biyo baya

Cikin 1964 aka fara ginin madatsar Kainji, aka gama cikin 1968. Tun ana aikin aka riƙa zuba magani a kogi don kashe 'ya'yan ƙudan nan, saboda ma'aikata. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen mil 85, sai ya shanye duwatsun da ƙudan ke haihuwa a kai, ko da ya ke ya saura a ƙananan koguna da kuma gangaren madatsar. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga tsibirai da bakin kogi, aka gina musu sababbin ƙauyuka a gaɓar tafkin.

Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. Cikin 1977 aka fito da tsarin ilmi na ƙasa, aka keɓe babi guda a kan ilmin naƙasassu. A shekarar nan aka buɗe kwalejin horar da malamansu a Oyo, aka kuma buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Sakkwato ta yi tata makarantar, bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi cikin 1991 kuma ta zama tana da tata a Birnin Kebbi. Nisa ya ragu, amma daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi har yanzu ya fi mil ɗari, balle daga Wara ko tungayen masunta, inda sai an shiga jirgi kafin a kai ga hanyar mota. Tun ranar 17 ga Yuni 2021 kuma, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, tsoron makarantar kwana ya ƙaru a zukatan iyaye. In mai ido da ƙafa bai tsira ba, ina ga wanda ba ya ganin hanya, ko ba ya jin ana cewa a gudu?

Kurame suna da wata matsala tasu. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu na hannu tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kansa, aka buga cikin 2000. Amma alamun da a ke koyarwa a makarantu asalinsu na Amurka ne. Yaro ya kan dawo hutu da alamun da uwarsa ba ta sani ba.

Wajen doka kuwa an yi nisa. Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu. Ta ce su yi karatu kyauta har sakandare, makarantun gwamnati su karɓe su, ko wace kuma ta sami akalla ma'aikaci guda da aka horar don kula da su. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga. Wa'adin ya cika cikin 2024. Mai karatu ya je makarantar garinsu ya duba da idonsa abin da aka yi.

Darasin sandar awo

Idan muka jera tarihin nan, za mu ga yaƙi da cututtukan ya ci nasara ƙwarai. An shelanta ƙarewar agana a duniya cikin 1980. An shelanta kuɓutar Afirka daga ƙwayar shan inna ta asali cikin Agusta 2020. Kuturta tana da magani kyauta. Sanƙarau, wanda ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya cikin 1996, yana da allurar rigakafi.

Makantar kogi kuwa, labarinta shi ya fi dacewa da zancenmu. Cikin 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta har sai cutar ta ƙare. Amma magani a sito ba ya warkar da kowa. Da aka kafa shirin Afirka na yaƙi da cutar cikin 1995, sai aka ce ko wane ƙauye ya zaɓi mutuminsa. A koya masa aikin cikin 'yan kwanaki, a ba shi littafin rajista da sanda mai zane. Ya bi gida gida, ya auna tsawon mutum da sandar, ya ba shi ƙwaya ɗaya ko biyu ko uku ko huɗu, sau ɗaya a shekara. Ba a ce masunci ya bar komarsa ya tafi asibitin birni ba. An kai masa har tunga, ta hannun wanda ya sani.

To, abin da aka yi wa magani shi ne ba a yi wa karatu ba. Fiye da shekara saba'in ke nan da buɗe Gindiri, har yanzu galibi yaro a ke nema ya tafi wurin ilmi. Ga shi kuwa abubuwan da a ke bukata da yawansu ba su fi ƙarfin gunduma ba. Na farko a san yaran, ko wane mai unguwa ya ƙirga na unguwarsa, har da waɗanda a ke ɓoyewa a ɗaka saboda kunya, da waɗanda fahimtarsu ke da nauyi. Na biyu a duba ido da kunnen ko wane yaro in ya shiga aji ɗaya, gama da yawa da a ke kira daƙiƙai tabarau kawai su ke bukata, ko a zaunar da su a gaba. Na uku a yi gangara a ƙofar aji maimakon matakala, a faɗaɗa ƙofar makewayi, a samo keken guragu. Na huɗu, ko wace gunduma ta sami malami mai zagayawa, wanda ya iya rubutun yatsa da maganar hannu, a ba shi babur ko kuɗin jirgi, ya koya wa yaro, ya koya wa malamin ajinsa, ya koya wa uwarsa. Makarantar Birnin Kebbi kuma ta zama rumbun da a ke ɗibar malamai da littattafai, da wurin da manyan ɗalibai za su ci gaba.

Ku da kuka koyi karatu da girmanku, kun fi kowa sanin zafin a miƙa wa mutum takarda ya rasa abin da ke ciki, kun kuma san ranar da haruffa suka fara yi muku magana. In akwai makaho ko kurma ko gurgu a gidanku ko a maƙwabta, ku kama hannunsa ku kai shi wurin hedimasta, ku sa a rubuta sunansa. In an ce babu malaminsa, ku kai maganar ga mai unguwa da hakimi da sakataren ilmi, gama doka tana bayanku, kuma hukuma ba ta aiko malami sai inda ta ga suna a rajista. Allah ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, ya sa 'ya'yammu duka su amfani kansu da ƙasarsu, amin.